Baba Awudu Mai Cin Kek

Duk unguwar Nima, daga bakin babban gota, wato magudanar ruwa, har hanyar Kanda, babu tsohon da ake yi wa kallon ya huta kamar Baba Awudu. In ya fito da sandarsa za shi masallaci, samarin da ke zaune ƙofar shagon aski sai su ɗauka: "Ga Bature nan! Baba, yau abarba ce ko mangwaro?" Shi kuma ya ɗaga musu sanda yana murmushi ya wuce. Ba wanda ya lura murmushin ya soma yi wa fuskar yawa.

Wani kek ne ya jawo masa wannan suna. Najat, matar ɗansa Tajudeen, ita ke yin sa na sayarwa. Ba irin kek ɗin da ake yankawa ranar suna ba ne. Wannan ɗan kasko ne na fulawa da bota, faɗinsa kamar tafin hannu, a cika shi da kastad, a jera masa yankan abarba da mangwaro da inabi kamar kwalliyar amarya, sannan a shafe da ruwan sukari har yana ɗaukar ido. Ita tana ce masa furut-tat, wato kek mai 'ya'yan itace.

Ranar da ta fara gasa shi, ta ɗauki guda ta kai wa surukinta har da durƙusawa. Ya gutsura, 'yan haƙoran da suka rage masa suka amsa don zaƙi, ya haɗiye, ya faɗi abin da kowane dattijo zai faɗa: "Allah ya yi albarka, 'yata. Ban taɓa cin irinsa ba."

Wannan godiya ita ta ci shi.

Kasuwa ta buɗe wa Najat. Masu biki daga Kanda, daga unguwar Madina, har daga unguwannin da kare ke da likitansa, sai bugo waya suke yi. Tandar gashi ta shiga kicin, firiji ya bi bayanta, wutar girki ta mutu. Najat ta ce warin daddawa yana kama kirim, masu saye kuma hancinsu ya fi na kyanwa. Tajudeen bai ji a jikinsa ba. Tun da sassafe yake tafiya shagonsa na kayan gyaran mota a Abossey Okai, can zai ci shinkafa da wake mai taliya da ƙwai, da rana ya ɗora fufu da miyar akuya, ya dawo gida yana sakace. Yara suna makarantar kwana. Najat mai babur ke kawo mata nata a leda, ta ci a tsaye. Mutum ɗaya ya rage a gidan wanda ba shi da shago, ba shi da mai babur.

Kek ɗin da ya tsage a tanda, na Baba. Wanda ya kwana bai sayu ba, na Baba. Wanda amarya ta ce launinsa bai shiga da ankonta ba, na Baba. Kuma ba a faranti ake kai masa ba, a'a, a farin kwali mai kintinkiri, a ratsa tsakar gida da shi kowa yana gani.

Da farko yana da mafita. Wadia mai koko a bakin layi takan cika masa kofi ta ɗora ƙosai, ta ce sadakar iyayenta ce. Sai Tajudeen ya gan shi wata safiya.

"Baba, don Allah ka daina tsayawa a titi da kofi a hannu. Mutane za su ce ba na ciyar da kai. Ga ƙudajen gota. Abin da kake ci a gida, ko minista shi yake ci. Furut ne, Baba. Bitamin ne zalla."

Baba Awudu ya ce to. Dattijo ba ya buɗe baki ya ce wa ɗansa yana jin yunwa, sai dai ya kewaya. Ya ɗan yi gyaran murya ya ce, "Bana masara ta yi tsada, ko?"

"Ina ruwanmu da masara, Baba? Ai mun wuce nan."

Maƙwabta ma hannunsu ya ɗauru. A zango, wato unguwar baƙi irin tasu, tsohon da ba shi da kowa ba ya kwana da yunwa, kwanuka ne za su yi ta shiga ɗakinsa daga gida-gida. Amma tsohon da ke da ɗa da suruka a gida, wadda duk ta aika masa da kwano ta zagi matar gidan, ta ce mata ba ta iya riƙon miji ba. Wa ke son rigima? Balle ga farin kwali kullum yana wucewa. Matan layi sai su ce, "Oho dai, wani hanin ga Allah baiwa ne. Namu tsofaffin suna fama da tuwo, shi yana cin na Turawa."

Shi kuwa a ɗaki, yakan fara tsince 'ya'yan itacen ɗaya bayan ɗaya, su ne kaɗai abin da harshensa ya gane. Sai ya rufe kwalin ya tura gefe, ya ce ya ƙoshi. Kafin azahar ciki ya ƙaryata shi, ya jawo kwalin ya cinye kaskon da kastad ɗin, ya bi da ruwa. Ya ƙara bi da ruwa. Ƙishirwa ta zame masa abokiyar zama, randa guda ba ta kashe ta. Abin da ya shiga kuma dole ya fita. Alwala ta daina zama a jikinsa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru a sahun farko bayan liman, ya koma sahun ƙarshe kusa da ƙofa, butarsa a gefe. Abokansa suka ce Bature ya fara girman kai, ba ya son kafaɗarsa ta taɓa ta talaka. Ya yi dariya tare da su.

Tazugen wandonsa ya yi ta ƙara tsawo. Tururuwa suka gano ɗakinsa, suka yi hanya daga ƙofa zuwa kwali, wata hanyar kuma zuwa inda yake kama ruwa a bayan gida. Ya ga wannan, ya zuba ruwa ya kore su, bai gaya wa kowa ba. Idonsa na dama ya soma ganin duniya kamar ta cikin hayaƙin masu gasa kifi. In ya kishingiɗa bayan azahar, ba matarsa marigayiya yake gani ba, Allah ya jiƙanta, miyar ayoyo yake gani tana zarya tsakanin yatsunsa.

Ana haka Amama ta dawo daga Arewa, inda ta daɗe wajen zaman makoki. Amama taubashiyarsa ce, uwarta da ubansa ciki ɗaya. Tana sayar da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa a unguwar Maamobi. Ba ta taɓa zama a aji ba, bakinta kuma ba shi da marfi. Tun suna yara take ce masa angonta, shi kuma yana ce mata mummuna. Tun daga zaure ya jiyo ta.

"Ina tsohon angon nawa? Ko ya mutu ne ba a gaya mini in shiga takaba ba?"

"Takabar wa? Ke da mutuwa ta leƙa ta ga fuskarki ta koma? Shigo, mummuna."

Ta ɗaga labule, ta tsaya. Ta ƙare masa kallo.

"Awudu, wa ya sace maka wuya? Hular nan taka ce, ko aro ka yi wurin mai babban kai?"

"Tsufa ne."

"Ni yarinya ce?"

Don ya kawar da zancen, ya tura mata kwalin, tunda baƙo ba ya zama baki bushe. Ta buɗe ta leƙa.

"Wannan ci ake yi, ko a bango ake ratayewa?"

Ta sa yatsa ta ɗago yankan abarba, ta ɗaga shi wajen taga. Haske ya ratso ta cikinsa.

"Wanda ya yanka wannan ya iya aski." Ta gutsuri kaskon, ta tauna, ta runtse ido. "Innalillahi! Sukari ya auri sukari sun haifi sukari. Me ka ci da safe?"

"Alhamdulillahi."

"Ba tasbihi na tambaye ka ba. Jiya fa?"

"Alhamdulillahi."

"Yaushe rabonka da miya?"

Ya kalli ƙofa, ya rage murya. "Amama, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

"Na ji. Amma a fara zuba tuwon tukuna, sirrin ya samu abin zama a kai."

Ta fita. Daga inda yake zaune yana jin komai, don tsakar gidan ba ta da faɗi, muryar Amama kuwa ko a kasuwar Laraba ba ta ɓata.

"Najat! Fito, 'yar nan. Me kike ba mijina?"

"Sannu da zuwa, Gwaggo. Wallahi shi ya ce yana so. Da bakinsa ya ce bai taɓa cin irinsa ba."

"Ni ma ban taɓa cin sabulu ba. In na faɗa, sai ki dafa mini?"

"Gwaggo, ki duba mini. Tun kafin kiran salla nake tsaye a gaban tandar nan, ni kaɗai. In na ɗora miya, kayan mutane su ɗauki wari, a dawo mini da su. Kuma ai ba abin banza ba ne. Ga shi a waya: abarba tana da bitamin, mangwaro yana gyara ido, inabi yana wanke jini, ga madara, ga ƙwai."

"Yoo. To ke kin ci nawa yau?"



"Ni ina rage ƙiba ne, Gwaggo."

"Masha Allah. Ai kuwa shi ya rage muku ita, ku duka gidan."

Baba Awudu ya ji dariya ta taso masa, sai kunya ta danne ta. Yarinyar ba muguwa ba ce, yana jin tarinta da asuba. Da yamma ta kawo masa kwali biyu maimakon ɗaya, idonta ja, ta ce ya yi haƙuri in ta yi laifi. Ya ce babu laifi, Allah ya yi albarka.

Ranar wata Juma'a ya sunkuya ruku'u, ƙasa ta taso ta same shi. Da ya farfaɗo yana kwance a asibitin unguwa, Tajudeen a kansa yana ta amsa waya. Nas ta soki yatsansa, ta duba ɗan injinta, ta buɗe baki.

"Ei! Baba, sukarinka ya hau paa, ya hau sosai. Me kake ci a gida?"

Kafin ya haɗa kalma, Tajudeen ya riga shi. "Furut, madam. Safe da yamma. Abarba, mangwaro, inabi. Ba ma wasa da cimarsa."

Layi ya kai ƙofa, wani yaro yana ta tsala kuka. Nas ta rubuta magani ba ta ɗago ba. "To ku ci gaba da 'ya'yan itace, amma kaɗan-kaɗan. A rage masa tuwo da shinkafa."

A rage masa tuwo. Baba Awudu ya kalli silin.

Tajudeen ya dawo gida kamar wanda ya ci shari'a. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ji: "Likita da kanta ta ce a raba shi da tuwo. Da mun biye wa mutanen da, da yanzu wani zancen ake yi."

Washegari Amama ta zo, ba ta ko zauna ba, ta sunkuci kwali guda ta fita. Bayan la'asar ta dawo tana haki, ta zube a bakin gadonsa.

"Na je wurin nas ɗin taku. Na bi layi kamar mara lafiya. Da na shiga ta ce me ke damuna, na dire mata kwalin a tebur na ce ga furut ɗin tsohon jiya. Awudu, da ka ga idonta! Ta ɗauki cokali ta kwashe 'ya'yan itacen kaf, ko cokalin ba su cika ba. Ta nuna sauran ta ce wannan fulawa ce da bota da sukari, mai lafiya ma sai ran biki, guda ɗaya, bayan ya ci abinci. Ta ce mai ciwonka in yana cin wannan safe da yamma, ana haƙa masa rami ne da cokalin shayi. Ta ce tuwo ɗan daidai, miyar ganye da yawa, wake, kifi. In abarba ce a ba ka abarba, ba hotonta ba."

"Kada ki gaya wa yaron nan a gaban mutane."

"A bayan mutane zan gaya masa. In bai ji ba, ka san ni."

Ta gaya wa Tajudeen, bai ji ba. Da magariba ta zo da langa a kanta, tuwo da miyar ayoyo da kifi. Baba Awudu ya jiyo ƙamshin tun tana zaure, yawu ya cika masa baki har ya ji kunyar kansa. Sai ya ji muryar ɗansa.

"Gwaggo, gidan nan akwai mace. Kwanon waje ba ya shiga."

"Nas ta ce..."

"Ni na yi magana da nas, da Turanci. Ke wa ya san abin da kika ji? So kike gobe a ce matar Tajudeen ta kasa ciyar da uban mijinta, sai daga Maamobi ake kawowa? Ki rufa mana asiri."

Ƙamshin ya ɗan tsaya a zaure, sannan ya juya, ya yi ta nisa har ya ɓace. Baba Awudu ya haɗiye yawunsa. Bai taɓa kwalin ba ran nan, ya sha maganinsa a kan cikin wofi, jiri ya kwantar da shi.

Da safe ta dawo hannu sake. "Naɗe tabarmarka. Akwai ɗaki a wurina."

"In na fita da tabarma a kafaɗa, yaron nan ba zai sake ɗaga kai a Nima ba."

"To zauna. Za a fita da kai a makara, shi kuma kansa a ɗage."

"Amama, ɗana ne."

Ta dube shi, ta ja tsaki mai tsawo, ta gyara ɗaurin zaninta. "Tsohon banza. Tun muna yara haka kake, a taka ka ka ce ƙafar ta yi laushi."

Ranar Asabar ita ce babbar ranar Najat. Motoci kan jeru a bakin layi, mata masu dogon farce suna fitowa karɓar kayan biki. Da hantsi Baba Awudu yana kwance, sai ya ji wani abu ya shigo ta taga ya tsaya masa a hanci. Hayaƙin gawayi. Bayansa daddawa. Ya ɗauka irin mafarkin nan ne nasa, sai ya ji ƙarar muciya tana dukan tukunya, da muryar da ba a mafarkinta.

"An ce kwano ba ya shiga! Ban ji an ce hayaƙi ba ya shiga ba!"

Ya lallaɓa da sanda har zaure. Ga Amama zaune a kan kujera 'yar tsugune, daidai ƙofar gidan, a gefen titi inda ba na kowa ba. Murhun gawayi a gabanta, tuwo yana bararraka, tana tuƙi tana share gumi da gefen mayafi. Wata mai dogon farce ta toshe hanci ta ce me ake yi haka.

"Girkin amarci, 'yata. Angona ne a ciki. Yau kwanana ne."

Layi ya ɗauki dariya. A nan dabarar take. Abin da taubashiya ta yi wa taubashinta wasa ne, wanda ya yi fushi da wasan taubasai kuwa shi ake yi wa dariya. Kuma tunda wasa ne, kowa yana iya shiga. Wadia mai koko ta bar tukunyarta ta zo da busasshen kifi, ta ce gudummawar biki. Wata ta kawo dafaffen wake, wata yaji. Matan da suka yi watanni suna kallon farin kwali suna yaba sa'ar tsoho, sai yanzu da ya tsaya a hasken rana suka ga abin da ya rage a cikin rigar. Dariyar ta ragu. Wata ta ce, "Subhanallahi, Baba," ta kasa ƙarasawa.

Samarin shagon aski suka kawo benci. Ba wanda ya ce Bature.

Baba Awudu ya san in ya zauna a bencin nan, ya tona abin da ya yi wata da watanni yana binnewa. Ya tsaya yana jayayya da ƙafafunsa. Amama ta yanko tuwo ɗan madaidaici, ta malala miya har ta rufe shi, ta ɗora kifi, ta miƙa ba ta ko dube shi ba.

"Karɓi, kafin in fasa auren."

Ya zauna. Ya wanke hannu. Ya yi bisimilla.

Yana tsakiyar ci babur ya tsaya, Tajudeen ya diro, ashe Najat ce ta kira shi a waya. Ya kalli taron, ya kalli motocin masu saye, ya kalli ubansa a bakin titi da miya har wuyan hannu.

"Gwaggo! Wane irin tozarci ne wannan?"

"Wasa nake da mijina. Kai a wa?"

"Me na rage shi da shi? Ɗaki nasa, fanka tasa, magani ni na saya. Abin da yake ci, je ki tambayi masu motocin nan ko abin raini ne!"

Malam Husseini, limamin masallacin layi, ya iso yana gyara rawani, ya ce a yi haƙuri, a shiga daga ciki a yi magana. Amama ta ce daga ciki aka yi ɓarnar, a waje za a gyara. Tajudeen ya juya wurin ubansa.

"Baba, in ba ka so, me ya hana ka faɗa mini?"

Baba Awudu ya gama tauna lomar da ke bakinsa. Bai ɗaga murya ba.

"Tajudeen, ka taɓa zama ka ga ina ci?"

Najat tana bakin ƙofa, fulawa har gwiwar hannu, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Liman ya ce, "To, Hajiya Amama, me kike so a yi? A kawo buhun masara?"

"Ban je Makka ba, Malam, bar ni a Amamata. Buhu kuma ba na so, a jingine shi a ɗauki hoto a tura wa dangi. Abu ɗaya nake nema, kuma ba sabo ba ne, haka muka tashi muka gani. Kullum da magariba ya zo ya zauna a tabarmar ubansa, su sa hannu a kwano ɗaya. Abin da uban ya ci, shi zai ci. In bitamin ne, su sha bitamin tare. Ban ce a dafa komai ba."

Liman ya shafa gemu ya ce shi bai ga abin ƙi a nan ba. Jama'a suka ce gaskiya ne. Tajudeen ya duba hagu ya duba dama, bai ga ƙofa ba, ya ce ya yarda.

Da magaribar ranar ya zo ya zauna a tabarma, ya rasa inda zai sa ƙafafunsa. Kicin babu abin da aka dafa, gidan kuma ya cika da kayan da masu dogon farce suka fasa karɓa. Najat ta kawo kwali ta ajiye a tsakaninsu. Baba Awudu ya ce shi alhamdulillahi, amaryarsa ta ƙosar da shi, kuma nas ta hana. Ya tura wa ɗansa.

"Bisimilla. Na minista ne."

Tajudeen ya ci na farko da fara'a. Na biyu ya bi shi da ruwa. A na uku ya tsaya yana kallon inabin kamar ya yi masa laifi, ya leƙa tsakar gida ya ce, "Najat, babu wani abu mai ɗan gishiri?"

Washegari kafin azahar an sayo murhu na biyu an kafa a bayan gida, nesa da kirim. Ashe akwai wurin. Ashe warin daddawa yana da iyaka. Ashe Tajudeen ya san hanyar kasuwa, har ya san a ɗauko mai taya Najat aiki. Yunwar uba ta yi wata da watanni tana buga ƙofa ba a ji ba, ta ɗa tari ɗaya ta yi aka hura wuta.

Baba Awudu ya koma sahun farko. Wuyansa ya ɗan dawo, alwala tana kai shi daga azahar zuwa la'asar. Amma idon dama ya tafi ke nan. Likitan ido ya duba ya ce an makara, sukari ya riga ya cinye jijiyar. Yanzu in za a gaishe shi sai an zagayo ta hagu.

Tajudeen har yau in zancen ya taso yakan ce shi bai taɓa hana ubansa abinci ba. Gaskiya ne, bai hana ba. Masu irin wannan laifi ba sa hanawa. Suna bayarwa ne a cikin kwali mai kyau, su juya baya kafin a buɗe.

Da Salla ta zo, ya shirya ya tafi Maamobi gaishe da Amama, ya same ta tana ƙulla daddawa. Ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, a yafe mini. Baba ma ya ce ya yafe."

Ba ta daina ƙullin ba.

"Shi uba ne, dole ya yafe. Da ka ƙwaƙule ɗayan ma zai ce Allah ya yi maka albarka. Ni ban haife ka ba. Tashi ka je ka tsaya masa ta dama, ka yi ta tsayuwa. Ran da ya gan ka, ka dawo mu yi maganar yafiya."